FARGABA: MAFARINTA, DA ƁARNARTA, DA MAGANINTA

Darasinmu na wannan karo a kan wani ciwo ne wanda ba ya fid da ƙurji, ba ya kawo zazzaɓi, ma'aunin zafin jiki kuwa ba ya nuna shi. Amma duk da haka ya kan hana babba barci, ya hana yaro karatu, har ya hana mutum shiga unguwar maƙwabcinsa. Sunansa fargaba, waɗansu kuwa su kan ce zullumi. Ya kamata ko wane ɗalibi na wannan kwaleji ya san shi sosai, gama ran da ya fita ya kama aiki zai gamu da shi cikin ƙirjinsa, ya gamu da shi cikin ajinsa, ya kuma tarad da shi cikin garin da aka kai shi. Malamin da bai san shi ba ya kan ɗauki yaro mai fargaba a kan daƙiƙi ko malalaci, ya bi shi da bulala, ciwo kuwa sai daɗa ƙaruwa ya ke yi.

1. BAMBANCIN TSORO DA FARGABA

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To, rabin darasin nan yana cikin wannan karin magana. Ran da maciji ya fasa kai a gaban mutumin nan, abin da ya ji tsoro ne. Dalilinsa a fili ya ke, da maciji ya wuce kuwa tsoro ya bi shi. Amma bayan wata uku, ga shi tafe da magariba, ya hangi baƙin tsumma a bakin hanya, gabansa ya faɗi, ya juya da gudu. Daga baya ma ya daina bin hanyar ɗungum, ko da rana tsaka. Wannan ita ce fargaba. Watau tsoro na abin da ke gabanka ne yanzu, fargaba kuwa ta abin da zuciya ke saƙa maka ne cewa zai zo.

Kada fa a ɗauka fargaba duk sharri ce. 'Yar kaɗan tana da amfani. Ita ke tashin ɗalibi da asuba ya buɗe littafi in jarrabawa ta matso, ita ke sa uwa ta duba ko an rufe bakin rijiya. A shekarar 1908 waɗansu masana biyu na Amurka, Yerkes da Dodson, suka yi gwaji da ɓeraye. Suka ga in aikin da a ke koya wa ɓera mai wuya ne, ya fi saurin koyo in an matsa masa daidai wa daida, in kuwa matsin ya yi yawa sai ya rikice. Misalin abin kamar fatar ganga ne. In ta saki ba ta amo, in an ɗaure ta daidai ta yi zaƙi, in an ƙetare iyaka ta fashe.

2. ABIN DA KE FARUWA CIKIN JIKI

Tun kafin likitoci su zo, bakin Hausa ya riga ya kwatanta alamun. Mu kan ce, "Gabana ya faɗi," ko "Hantar cikina ta kaɗa," ko "Cikinsa ya ɗuri ruwa," ko "Tsikar jikina ta tashi." Duk waɗannan suna da asali cikin halittar jiki. Ga yadda abin ya ke.

Can cikin ƙwaƙwalwa, dama da hagun, akwai wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gujiya, masana suna kiransa amigdala. Aikinsa aikin mai gadi ne. Da ido ya ga wani abu, ko kunne ya ji wata ƙara mai kama da hatsari, sai ya buga ƙararrawa, ba ya jiran shawara. Saƙo ya bi jijiyoyi ya sauka ga waɗansu 'yan kaluluwa biyu da ke zaune bisa ƙoda, su kuwa su zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adirenalin. Nan da nan zuciya ta shiga harbawa da sauri, numfashi ya ƙaru, hanta ta saki sukari, jini ya janye daga ciki da fata ya tafi ga naman ƙafafu da hannuwa. Baki ya bushe, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta buɗe. Wani malamin Jami'ar Harvard, Walter Cannon, shi ya bayyana wannan a 1915, ya ce jiki shiri ya ke yi na ɗayan biyu, ko faɗa ko gudu. Tun kafin nan ya lura cewa in kyanwa ta firgita, tumbinta ya kan tsaya cik, ya bar niƙa abinci. Ka ga dalilin da ya sa mai fargaba ba ya jin daɗin tuwo.

Sashen ƙwaƙwalwa mai yin tunani, wanda ke bayan goshi, ya fi mai gadin nan nawa. Sai jiki ya riga ya zabura sa'an nan ya iso, ya duba, ya ce, "Ai tsumma ne." Ga mai lafiya magana ta ƙare ke nan, jiki ya koma daidai. Ga mai ciwon fargaba kuwa mai gadi ba ya saurarawa, ƙararrawa tana ta bugawa dare da rana. In abin ya daɗe, kaluluwan nan su kan riƙa zuba wani ruwa kuma, wai shi kotizol, jiki ya zauna a ɗaure kamar sojan da ba a sallama daga fareti ba. Daga nan ciwon kai ke fitowa, da riƙewar wuya, da murɗar ciki, da gajiya ba a yi aikin kome ba.

3. YAUSHE TA KE ZAMA CIWO?

Likitoci su kan auna da abu uku. Na ɗaya, in fargabar ta fi abin da a ke yi dominsa girma nesa ba kusa ba. Na biyu, in ta daɗe ta ƙi tafiya. Na uku, in ta hana mutum aikinsa, ko karatunsa, ko zama da mutane. Tana da iri-iri, ga manyansu.

(a) Zullumin kullum. Mai shi ba ya rasa abin damuwa. In ya gama da zancen kuɗin makaranta ya koma kan lafiyar tsohuwarsa, in ya gama da wannan ya koma kan abin da wane ya ke nufi da kallon da ya yi masa jiya. In mutum ya yi wata 6 a haka, yawancin kwanaki, likita ya kan kira shi ciwo.

(b) Farmakin firgita. Wannan ya kan auko wa mutum farat ɗaya, wani lokaci yana zaune lafiya lau. Zuciya ta yi ta dakan lugude, numfashi ya sarƙe, jiri ya ɗebe shi, yatsu su yi tsam, ya tabbata mutuwa ce ta zo. Cikin minti 10 ko kusa da haka abin ya kai matuƙa, sa'an nan ya lafa a hankali. Jirin nan da tsamin yatsu saurin numfashi ke kawo su, domin huhu yana fid da iskar nan da a ke kira kabon-dayoksaid fiye da kima. Farmakin kansa ba ya kisa, amma wanda ya taɓa ɗanɗana shi ya kan zauna cikin zullumin dawowarsa.

(c) Tsoron idon jama'a. Wannan dabam ya ke da kunya. Kunya tarbiyya ce, mai kunya in aka tambaye shi ya kan sunkuyad da kai ya amsa. Mai wannan ciwo kuwa ya san amsa sarai, amma da an kira sunansa sai murya ta ɗauke, gwiwa ta kama rawa.

(d) Tsoron abu guda, kamar kare, ko allura, ko duhu, ko hawa bisa.

(e) Fargabar rabuwa, wadda ta fi kama ƙananan yara. Yaro ya yi ta kukan ciwon ciki ko wace safiya ta makaranta, ran Asabar kuwa garau ya ke. Ba ƙarya ya ke yi ba, cikin yana murɗa da gaske.

(f) Firgitar bayan masifa. Likitoci sun ware mata babi nata dabam, amma 'yar'uwa ce ta kusa. Mutum ya tsira daga gobara, ko hatsarin mota, ko tarzoma, wata guda ya wuce, har shekaru, amma abin yana dawo masa cikin mafarki da ido biyu kamar yau ya faru.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne, ko na masu hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum miliyan 359 ke fama da shi a duniya, watau sama da 4 cikin ko wane 100. Babu wani ciwon tunani da ya kai shi yawa. Ya fi kama mata bisa maza, sau da yawa kuwa tun ana yara ko ana samari ya ke somawa. Hukumar ta kuma ce misalin mutum 1 cikin 4 kaɗai ke samun magani. Ba kuma sabon abu ba ne ga malaman da. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, ya ware babi sukutum a kan tsoro da firgita, wani kuma a kan waswasi.

4. DAGA INA TA KE FITOWA?

Ba safai dalili guda ke kawo ta ba, taron dangi a kan yi wa mutum.

Da fari akwai gado. Kamar yadda tsawo da gajarta ke bin jini, haka saurin firgita ke bin wani gida. Amma gado ƙasa ce kawai, sai an yi shuka a kanta.

Na biyu akwai reno. Yaron da ya tashi cikin tsawa da duka, bai san abin da zai jawo masa mari yau ba, mai gadin ƙwaƙwalwarsa ya kan koyi kwana a tsaye. Haka kuma wanda aka killace ainun, ba a bar shi ya gwada kome da kansa ba. Yara kuma su kan kwaikwayi manya. In uwa ta kurma ihu duk sa'ad da ta ga ƙadangare, ɗiyarta ta gama ɗaukar darasi.

Na uku akwai abin da ido ya gani. Mu nan Jos ba sai an kai mu nesa neman misali ba. Ran Jumma'a 7 ga Satumba 2001 tarzoma ta ɓarke cikin gari, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an rasa rai wajen 1,000 cikin kwanakin da ba su cika mako ba. Ran 28 ga Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka sake, aka rasa aƙalla 700. Ran 17 ga Janairu 2010 wata ta tashi daga wajen Dutse Uku. Ran jajiberen Kirsimeti na wannan shekara bama-bamai suka tashi a Kabong da Unguwar Rukuba. Ran 20 ga Mayu 2014 kuma waɗansu biyu suka tashi a Taminus, mutum aƙalla 118 suka mutu. Musulmi sun binne nasu, Kirista sun binne nasu. Tina Junction kuwa maƙwabciyar Dutse Uku ce da Unguwar Rukuba, saboda haka mutanen wurin da idonsu suka ga hayaƙi. Yaron da aka haifa a shekarar tarzomar farko yanzu ya haura shekara 20. Watau da yawa cikin ɗaliban kwalejin nan, da iyayen yaran da za su koyar, cikin wannan hali suka yi wayo. Wanda ya taɓa kwana a bariki yana ɗan shekara 7, ba abin mamaki ba ne in tayar mota ta fashe ya ji ƙafarsa ta ɗauke shi tun bai yi shawara ba.

Na huɗu akwai matsin yau da kullum, kamar bashi, da kuɗin haya, da albashin da bai zo ba, da ciwon wani a gida. Wata annoba ma ta kan ƙara wuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin shekarar farko ta cutar korona, watau 2020, fargaba da baƙin ciki sun ƙaru a duniya da kashi 25 cikin 100.

Na biyar akwai abin da mu ke zuba wa cikinmu. Goro da kofi da shayi mai kauri, da lemunan gwangwani na ƙarin kuzari, duk suna ɗauke da sinadari guda, kafin, wanda ke sa zuciya sauri, ya kori barci. Akwai kuma cututtukan jiki masu kama da fargaba, kamar in kaluluwar nan ta maƙogwaro, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ta yi aiki fiye da kima.

Na shida akwai jita-jita. Da can sai mutum ya taka ya kai labari. Yanzu kuwa yana kwance bisa gado hoton gawa ya shigo masa ta WhatsApp, ba a san garin ba, ba a san shekarar ba. Mai gadin ƙwaƙwalwa bai iya karanta kwanan wata ba, da ya gani sai ya buga ƙararrawa.

5. ƁARNARTA CIKIN ZAMAN YAU DA KULLUM

Barci ta kan fara ci. Mutum ya kwanta, jiki ya gaji, zuciya kuwa ta buɗe kasuwa. Gari ya waye bai runtsa ba, rashin barci kuwa ya kan sa gobe ta fi yau fargaba.

Sa'an nan ta ci karatu. Hankalin da mutum ke riƙe lissafi da shi sa'ad da ya ke yinsa ɗan ƙaramin faifai ne, ba ya ɗaukar kaya da yawa. In zullumi ya cika faifan, ina za a aza darasi? Shi ya sa yaro ya kan haddace abu da dare, ya shiga ɗakin jarrabawa kansa ya zama fanko, da ya fito kuwa amsa ta faɗo masa a bakin ƙofa. A 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya ba da labarin wani ciwo da ya gani ga 'yan makarantar Nijeriya, wanda su da kansu ke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Su kan ce kansu yana zafi kamar an zuba barkono, ko wani abu yana tafiya cikinsa, ido ya dushe, su karanta shafi ba su fahimci kome ba. Likitoci da yawa yanzu suna ganin fargaba ce da baƙin ciki suka fito ta jiki. Har wa yau in jarrabawa ta kusa, a kan ji irin wannan kuka a ɗakunan kwananmu.

Ta kan shiga gida kuma. Mai fargaba ya kan yi saurin fushi, ya daka wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ta kan cinye aljihu, gama mai ita ya kan yi ta yawo daga kemis zuwa kemis, yau maganin taifot, gobe na olsa, jibi a ce sammu ne.

Babbar dabararta ita ce ta koya wa mutum gudu. Ku lura da wannan da kyau. Ɗalibi yana tsoron tsayawa gaban aji, ran da aka sa shi gwajin koyarwa sai ya ce ba shi da lafiya. Nan take ya ji sanyi a ransa. To, sanyin nan shi ne tarko, domin ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa gudu ne ya cece shi. Mako mai zuwa tsoron ya ninka. Kullum ya gudu, duniyarsa ta daɗa ƙuntata. Abin da ke faruwa ga mutum guda shi ke faruwa ga gari. Bayan tarzomar da muka ambata, mutane da yawa suka sayad da gidajensu, kowa ya koma cikin masu addininsa. Akwai dalilin tsaro a ciki, babu mai musu. Amma ga shi an sami samari da ba su taɓa shan ruwa a gidan wanda ba addininsu ɗaya ba, wanda ba ka sani ba kuwa zuciya ta kan zana maka shi yadda ta ga dama. Sai wani ya ruga a kasuwa don ya tari mota, goma su bi shi, kafin a ce kwabo an rufe shaguna, iyaye sun cika ƙofar makaranta suna neman 'ya'yansu.

Ƙarshen ɓarnarta, ta kan tura mutum ga ƙwaya. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, na 2018, ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wata ƙwaya cikin shekara guda. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Ba duk mashayi ne fargaba ta kai shi ba, amma da yawa neman barci da kwanciyar rai suka je yi. Kodin da tiramol da giya rance su ke bayarwa, su ba ka natsuwar dare ɗaya, su karɓi ta wata guda.

6. MAGANI

Albishirinku, ciwon nan yana jin magani ƙwarai. Ga matakai.

Sanin sunansa. Mutumin da aka bayyana masa cewa bugun zuciyar nan ƙararrawa ce, ba ajali ba, ya sami rabin sauƙi.

Numfashi. In abin ya taso, zauna, ja iska ta hanci a hankali kana ƙirga 4, sake ta ta baki kana ƙirga 6, ciki ya riƙa tashi, ba kafaɗa ba. Yi haka minti 3 ko 5. Jinkirin fid da numfashi ya kan rage saurin zuciya.

Bincikar tunani. Ɗauki takarda ka rubuta abin da ka ke tsoro. Ƙarƙashinsa ka amsa tambaya uku. Mece ce shaidata? Sau nawa na yi wannan zullumi abin bai faru ba? In ma ya faru, me zan yi? Wannan ita ce hanyar da likita Aaron Beck na Amurka ya tsara cikin shekarun 1960, ita ce kuwa a kan gaba yau wajen warkad da fargaba. Al-Balkhi ya riga shi da shekara dubu, gama ya shawarci mutum ya tanadi tunani nagari tun yana cikin natsuwa, kamar yadda a ke ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Tunkarar abin tsoro sannu sannu. A 1924 wata malama, Mary Cover Jones, ta yi aiki da wani yaro ɗan shekara 3 mai tsoron zomo. Kullum yana cin abin da ya ke so, sai a ajiye zomo cikin keji can nesa. Kwana bayan kwana ana matso da shi, har yaro ya kai ga shafa zomo da hannunsa. Haka za ka yi. Mai tsoron aji ya fara koyar da aboki guda a ɗaki, sa'an nan uku, sa'an nan goma. Sannu ba ta hana zuwa. Amma fa wannan na tsumma ne, ba na maciji ba. In hukuma ta sa dokar hana fita, ko akwai hatsari na gaske, zama gida shi ne hankali.

Gyaran zama. A kwanta a kan lokaci, a rage goro da shayi daga la'asar, a ajiye waya kafin barci, a motsa jiki ko da tafiyar rabin sa'a ce. A soma bitar karatu tun farkon zango, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Jama'a da ibada. Salla da addu'a, da zuwa masallaci ko coci, da hira da amini, duk suna kwantad da rai. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane ƙarfin dangi, shi ya sa a 1954 ya sauki marasa lafiyarsa cikin ƙauyukan da ke kewaye da Aro, kowa tare da ɗan'uwansa. Amma kada a ce wa mai ciwon nan imaninsa ne ya yi rauni. Mai hawan jini ya kan yi addu'a ya kuma sha magani, haka shi ma.

Asibiti. In abin ya kai makonni yana hana barci ko aiki, ko akwai ciwon ƙirji da suma, a je likita ya duba zuciya da jini da maƙogwaro tukuna. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin Gwamnatin Tarayya na Barnawa a Kaduna. Akwai magunguna masu kyau, sai dai su kan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, ba a kuwa yanke su farat ɗaya sai da izinin likita. Irin su Valium suna da saurin kama mutum, kada a saya a kemis da ka. Wanda ya soma tunanin kashe kansa kuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ce. A farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuwa hana a wulakanta mai irin wannan ciwo ko a nuna masa bambanci.

7. AIKIN MALAMI CIKIN AJI

Labarin zuciya a tambayi fuska. Lura da yaron da ke neman fita fitsari duk sa'ad da aka zo lissafi, da mai cin farce, da mai goge rubutunsa har takarda ta huje, da wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba alhali aikinta na gida daidai ne, da wanda ke zabura in an buga ƙofa. Mai fargaba sau da yawa shi ne yaron da ba ya damun kowa, don haka ido ke tsallake shi.

In ka gane shi, kira shi gefe, kada ka tone shi gaban 'yan'uwansa. Kada ka ce, "Ba kome, daina tsoro," gama da yana iyawa da ya daina tuni. Ce masa, "Na ga abin yana yi maka nauyi, zo mu rarraba shi." Gaya masa tun da wuri tambayar da za ka yi masa gobe, ya shirya. In ya amsa ko da muryarsa tana rawa, yaba masa. Kada ka ɗauke masa aikin ɗungum, domin wannan taya shi gudu ne. Hana dariya in wani ya yi kuskure. Riƙa yin ƙananan gwaje-gwaje a kai a kai, don babbar jarrabawa ta zo musu kamar baƙon da aka saba da shi. Ajiye bulala, ba a taɓa dukan tsoro ya fita daga jikin yaro ba.

Ran da jita-jita ta shigo makaranta, idon yara arba'in yana kan fuskarka. In ka ruga taga, sun ruga ƙofa. Tsaya wurinka, yi magana a hankali, aika wurin hedimasta a tabbatad da labari, kada ka saki yaro ya bi titi shi kaɗai. Kada kuma ka yi musu ƙarya, gaya musu abin da aka sani da abin da za a yi. In ajinka ya haɗa Musulmi da Kirista, ka gwama su a benci da wajen wasa. Yaron da ya raba alli da ɗan wata unguwa shekara shida, da wuya a zo daga baya a ce masa dodo ne. Sa'an nan ka ziyarci iyaye, cikin ladabi ka ba su shawarar asibiti in abin ya fi ƙarfinka. Kai malami ne, ba likita ba, amma sau da yawa kai za ka fara gani.

TAMBAYOYI

1. Bayyana bambancin tsoro da fargaba, ka kawo misali naka na kanka.
2. Me ya sa bakin mai fargaba ke bushewa, cikinsa kuma ya ƙi abinci?
3. Faɗi abu uku da likita ke dubawa kafin ya kira fargaba ciwo.
4. Yaya gudun abin tsoro ke ƙara masa ƙarfi?
5. Wata yarinya 'yar aji huɗu ba ta iya karatu da ƙarfi gaban aji. Tsara mata matakai 5, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.
6. Kana cikin darasi sai ka ji ana gudu a titi. Rubuta abin da za ka yi, bi da bi.

A kawo amsoshi ga malamin tarbiyya kafin fita gwajin koyarwa. Wanda kuwa ya karanta darasin nan ya ga hotonsa a ciki, ƙofar malamansa a buɗe ta ke, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.